Tambaya da Amsa: Tsutsar Ciki a Tantabaru

Tambaya: Tantabaruna suna ci amma sai ramewa, har na ga farar tsutsa a kashinsu. Tafarnuwa za ta yi maganinta?

Amsa: Malam, mai yiwuwa tsutsar da ake kira Ascaridia columbae ce, a ƙaramin hanji take zama. Shafa ƙirjin tantabarar. In ƙashin ƙirjin ya fito tsini, ta rame sosai. Daka ƙwayar tafarnuwa 1 a lita 1 na ruwan shansu, kwana 3, ko ka barbaɗa garin busassun 'ya'yan gwanda kaɗan a tsabarsu. Tafarnuwa da 'ya'yan gwanda rage tsutsar suke yi, ba sa ƙarar da ita, kuma yawan tafarnuwa na jawo ƙarancin jini. In abin ya tsananta, likitan dabbobi zai ba da maganin tsutsa mai suna piperazine, a maimaita bayan mako 2 zuwa 3. Ƙwayayen tsutsar a kashi suke, danshi ke raya su, sai ka riƙa kankare ɗakin kullum.