Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jami'ar Zhejiang

Ƙanena, saƙonka ya iso, na kuma ga tambayoyin nan uku da ka jero. Ka ce wani ejan ya kwarzanta maka Jami'ar Zhejiang har yana kiranta "Cambridge ta Gabas", Baba kuma ya ce bai ga abin da za a koyo a ƙasar da ake yin kayan jabu ba, kai kuma kana tsakiya kana son sanin ko ta cancanci ka nemi gurbin digiri na biyu a fannin noma. Tunda a Hangzhou nake zaune, garin da jami'ar take, bari in faɗa maka abin da na sani.

Maganar Baba ba ta da wuyar amsawa, sai dai ka lallaɓa shi, kada ka tsaya musu da shi. Kayan da ya sani a kasuwa 'yan kasuwarmu ne ke zuwa su ce a yi musu na kuɗi kaza, a kuwa yi musu daidai kuɗinsu. Da yawa ma daga Yiwu ake ɗauko su, garin da ke cikin wannan lardi na Zhejiang, tafiyar da ba ta fi awa ɗaya ba a jirgin ƙasa mai gudu daga nan. Wannan harka daban, jami'a daban.

Shi kuwa ejan bai ƙirƙiri maganar ba, amma ina shakka ko ya san asalinta. An kafa makarantar a 1897 da sunan Qiushi, a ƙarƙashin Lin Qi, mai mulkin Hangzhou na lokacin, shekara biyu bayan Japan ta ci Sin da yaƙi, lokacin da masu faɗa a ji suka gane karatun gargajiya kaɗai ba zai fisshe su ba. A 1928 ta zama jami'ar ƙasa da sunan Zhejiang. Wanda ya ɗaga ta shi ne Zhu Kezhen, masanin yanayi da ya yi digirin digirgir a Harvard, ya shugabance ta daga 1936 zuwa 1949. Shekara guda da kama aikinsa yaƙi ya sake ɓarkewa da Japan, sai ya kwashi malamai da ɗalibai da littattafai da kayan gwaji suka yi yamma. Suka yada zango a Jiande, suka wuce Ji'an da Taihe a lardin Jiangxi, suka gangara Yishan a Guangxi inda jiragen Japan suka yi musu ruwan bama-bamai a 1939, daga ƙarshe suka zauna a Zunyi da Meitan cikin duwatsun Guizhou a 1940. Tafiyar ta kai kimanin kilomita 2,600, kuma duk inda suka sauka sai a ci gaba da karatu. Shi kansa Zhu a kan hanyar ya rasa matarsa da ɗansa a 1938.

A can ƙauyukan, cikin tsofaffin wuraren ibada da gidajen aro, ana karatu da fitilar mai, aka yi aikin da ya ja hankalin duniya. Wang Ganchang ya rubuta shawararsa kan yadda za a gano niyutirino, wata ƙwaya da ta fi ƙwayar zarra ƙanƙanta, aka buga a mujallar Physical Review ta Amurka a 1942. Tan Jiazhen yana nazarin gado a jikin wasu ƙananan ƙwari masu ɗige-ɗige, Su Buqing da Chen Jiangong suna renon masana lissafi. Tsung-Dao Lee, wanda ya samu kyautar Nobel a 1957, a nan ya fara karatun jami'a a 1943 kafin ya koma Kunming. Da Joseph Needham, masanin kimiyya daga Cambridge, ya kai musu ziyara a 1944 ya ga abin da suke yi cikin wannan hali, sai ya kwatanta su da jami'arsa. To ka ji inda kirarin ya fito. Yabo ne da aka yi wa wasu mutane kan aikin da suka yi shekara tamanin da suka wuce, ba lamuni ba ne kan abin da kai za ka tarar.

Bayan sun dawo Hangzhou a 1946, ba a jima ba aka rarraba jami'ar. A 1952 gwamnati ta sake fasalin manyan makarantu bisa tsarin Tarayyar Sobiyet, aka bar wa Zhejiang injiniyanci, manyan malamanta na kimiyya irin su Su Buqing da Tan Jiazhen aka mayar da su Jami'ar Fudan a Shanghai, noma da likitanci kowanne ya zama makaranta mai cin gashin kanta. Sai a 1998 aka sake haɗe guda huɗu: Zhejiang, Jami'ar Hangzhou, jami'ar noma da ta likitanci. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin tsangayar da kake nema gadon waccan jami'ar noma ce, tana da nata tarihin da nata malaman. Shi ne kuma dalilin girmanta: ɗalibai sun haura 60,000, mazaunai bakwai, babban cikinsu Zijingang, har da na Haining inda suke haɗin gwiwa da jami'o'in Edinburgh da Illinois, da na Zhoushan a bakin teku.

Matsayinta a cikin gida ba abin gardama ba ne. Tana cikin ƙungiyar C9, jami'o'i tara da ake ɗauka su ne kan gaba a Sin, ta kasance cikin shirin 985 da aka fara a 1998 don zuba wa zaɓaɓɓun jami'o'i kuɗi, sannan tana cikin wanda ya gaje shi a 2017. A jadawalin QS na jami'o'in duniya tana cikin hamsin na farko a 'yan shekarun nan, a jadawalin Leiden kuwa, wanda ke ƙirga takardun bincike, kafaɗa da kafaɗa take da Harvard a can sama. Amma ka lura da abin da ake ƙirgawa. Makarantar da ke da dubban malamai da manyan asibitoci na koyarwa dole ta fitar da takardu masu yawa. Jadawalin bai san sunan malamin da za a haɗa ka da shi ba, balle halinsa.

Binciken dai ana yin sa da gaske. A 2013 rukunin Farfesa Gao Chao ya haɗa wani abu daga garafin (wani nau'in sinadarin kabon) wanda nauyinsa miligiram 0.16 ne a kowace santimita kubik, har aka ɗora shi a kan fure bai lanƙwasa shi ba. A shekarar kuma Farfesa Li Lanjuan da abokan aikinta na asibitin jami'ar suka yi fice wajen yaƙi da murar tsuntsaye ta H7N9. A 2020 sun fito da kwamfuta mai kwaikwayon aikin ƙwaƙwalwa da aka gina kan na'urorinsu na Darwin. Liang Wenfeng, wanda ya kafa DeepSeek, kamfanin ƙirƙirarriyar basira da ya girgiza kasuwannin Amurka a watan Janairun 2025, a nan ya yi digirinsa na farko da na biyu, Colin Huang kuma, wanda ya kafa kamfanin cinikin intanet na Pinduoduo, a nan ya yi digirinsa na farko. Ga Alibaba a cikin garin. Saboda haka ɗan kwamfuta ko injiniya yana ganin inda karatunsa ke zuwa tun bai gama ba.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. A digiri na biyu da na uku a Sin, rayuwarka a hannun malamin da ke duba aikinka take, shi da ɗakin gwaje-gwajensa. Shi ke da kuɗin bincike, shi zai ba ka maudu'i ko ya amince da naka, shi zai sa hannu kafin kundinka ya tafi wurin masu tantancewa na waje, waɗanda ba su san ka ba kai ma ba ka san su ba. Don haka kafin ka cike kowace takarda, shiga shafin tsangayar ka zaɓi malamai uku ko huɗu, ka karanta abin da suka buga a shekara biyar da suka wuce. Duba ko akwai sunayen ɗaliban waje a takardun, da kuma a wane matsayi sunan yake. Nemi ɗaya daga cikin ɗaliban ka tambaye shi da wane harshe ake taron mako-mako, da ko ɗaliban ɗakin suna gamawa a kan lokaci. Sannan ka rubuta wa malamin gajeren saƙo da ke nuna ka karanta aikinsa. Saƙon da aka kwafa aka tura wa mutum talatin, daga layin farko ake gane shi.

A naka fannin akwai ƙarin abin dubawa. Zhejiang ƙasar ruwa ce, ƙasar shinkafa da ganyen shayi da siliki. In gero da dawa da wake a ƙasa mai rairayi kake son nazari, ba lallai ka samu wanda ya damu da su a nan ba. Abin da za ka iya ɗauka ka kai gida shi ne hanyar aiki: kyautata iri ta ilimin ƙwayoyin halitta, gwajin ƙasa da taki, maganin ƙwari, sarrafa amfanin gona bayan girbi. In shinkafa ce kuwa, ka faɗo gidanta, kuma ka san yadda ake nemanta a Kebbi da Jigawa da Kura.

Harshe shi ne na biyu. Ko da kwas ɗinka da Turanci ake koyarwa, hirar ɗakin gwaji, saƙonnin rukuni a WeChat (manhajarsu mai kama da WhatsApp), umarnin da ke jikin na'urori, galibi da Sinanci suke. Dokar da ta shafi ɗaliban waje ma ta wajabta darasin Sinanci da na sanin ƙasar Sin. Fara karatun HSK, jarrabawar ƙwarewa a Sinanci, tun kana gida, ko matakin farko ne. Ka kuma san su wa za ka zauna da su: yaran da suka tsallake gaokao, jarrabawar shiga jami'a da mutum sama da miliyan 13 suka yi wa rajista a 2024, suka fito a sahun farko. Zama a ɗakin gwaji har goma na dare ba baƙon abu ba ne a wurinsu, kuma ba wanda zai rage gudu dominka.

Batun kuɗi, tallafin gwamnatin Sin, wanda aka fi sani da CSC, yana ɗauke kuɗin makaranta da ɗakin kwana da inshorar lafiya, ya kuma ba ɗalibin digiri na biyu yuwan 3,000 a wata, na digirin digirgir 3,500. Yana isar mutum ɗaya mai cin abinci a kantin makaranta. Ba ya isar aike gida, gara ka faɗa wa mutanen gida tun yanzu. Bizar karatu ta X1 kuma ba ta aiki ba ce, kada wani ya ruɗe ka da cewa za ka riƙa lodin kaya a Yiwu kana karatu. Hukuma ba ta wasa da wannan, kuma dole ka mayar da bizar izinin zama cikin kwana 30 da shigowarka. Neman gurbin da tallafin duk ta intanet ake yi, da hannunka za ka iya. Ban ga abin da ejan zai yi maka da ya kai kuɗin da zai karɓa ba.

Ka tambayi sallah da abinci. Akwai tsohon masallacin Fenghuang a kan titin Zhongshan, mai ɗaruruwan shekaru, kuma shagunan taliyar Lanzhou na Musulmi 'yan ƙabilar Hui suna ko'ina cikin gari. Amma Juma'a ranar aiki ce, kuma doka ta hana taron addini da wa'azi a harabar makarantu, saboda haka ka shirya yin sallarka a ɗakinka, ka kuma yi magana da malaminka tun farko kan fitar Juma'a. Sanyin nan mai danshi ne, ba irin na hunturunmu ba, yana shiga ƙashi, zafin Yuli da Agusta kuma gumi ne zalla. WhatsApp da Facebook da Google ba sa buɗewa a layin ƙasar, don haka ka saka wa Baba da Inna WeChat ka koya musu kafin ka taso.

Ra'ayina, ka nema. Amma kada ka tsaya kan Zhejiang kaɗai saboda suna. Jami'ar Noma ta Sin da ke Beijing, da ta Nanjing, da ta Huazhong a Wuhan duk manya ne a fanninka, wataƙila ma malamin da ya dace da kai yana ɗaya daga cikinsu. Turo mini sunayen malaman da ka zaɓa da shafi ɗaya na abin da kake son bincike a kai, in duba kafin ka aika. A gaida Baba da Inna da sauran mutanen gida.