Amsa ga 'yar'uwar da ke tambaya kan kayan wasan yara masu harhaɗuwa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki ɗan shekara 2 ba ya yarda ya taka yashi ko ciyawa, har kina tunanin sayen saitin nan na waje mai tsani da allon sulɓi da tabarmin takawa kala-kala, sai dai kuɗinsa ya ba ki tsoro. Na daɗe ina kula da ajin ƙananan yara, kuma shawarata kada ki sayi saitin gaba ɗaya.

Amfanin irin waɗannan kaya shi ne ana kwance su a sake haɗawa, yau gada, gobe rumfa. Guda uku da suka dace da juna sun fi guda goma da yaro zai gundura da su. Tsanin nan mai kusurwa uku sunan Emmi Pikler yake ɗauke da shi, likitar yara 'yar Hungari da ta buɗe gidan reno a Budapest a 1946. Ra'ayinta shi ne a bar yaro ya hau da kansa, kada babba ya ɗora shi inda ƙafarsa ba ta kai shi ba. Kafinta mai hankali zai yi miki shi idan kin nuna masa hoto. Ki dai tsaya a kansa ya goge katakon da samfefa sosai saboda sartse, ya yi amfani da noti maimakon ƙusa, kuma gara a bar shi ba fenti, don yara sai sun lasa.

Batun takawa kuwa, nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi. Ki sa a yi miki faifan katako marasa zurfi guda huɗu masu girma ɗaya. Ɗaya ki shimfiɗa tabarmar kaba, ɗaya buhun algarara, ɗaya soson katifa, na ƙarshe yashi wankakke. Ki fara jera masa masu taushi, yashin ya zo daga baya. Akwai wata yarinya a ajina da ko faifan yashin ba ta kallo. Cokali na ba ta da kofi, tana ɗiba tana zubarwa, ran nan sai ga ta ta cusa yatsu ciki tana tono cokalin da ya nutse. Ƙafa ta biyo baya da kanta. Da na kama ta na dangwara a ciki, kuka kawai za a sha. Ita ma Maria Montessori, masaniyar koyar da yara 'yar Italiya da ta buɗe makarantarta a Rum a 1907, da samfefa ta yanka haruffa yara suna bi da yatsa.

Wake da tsakuwa da ƙwallon dabino kuwa, ki bari sai ya wuce shekara 3, don suna shiga hanci da maƙogwaro. Duk abin da zai wuce ta cikin bututun kwalin tishu ya yi masa ƙanƙanta. Kada kuma ki kafa tsanin a kan tayel ba shimfiɗa.

Idan bayan ƙin yashin yana toshe kunne da ƙaramar ƙara, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko har yanzu bai fara magana ba, ki kai shi wurin likitan yara tukuna kafin ki je wurin kafinta. Allah ya raya mana shi.