Yawan takardu ko tasiri: auna mai binciken sikila

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce yadda za ka gane wanda ya fi tasiri cikin malamai biyu masu binciken sikila a yara, kafin ka zaɓi mai duba maka aikin digiri.

Fara da ma'aunin h, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. In na mutum 15 ne, yana da takardun bincike 15 da aka ambaci kowacce a wasu takardun aƙalla sau 15. Google Scholar da Scopus rumbunan intanet ne masu ƙirga ambato; adadin Google Scholar kan ɗara na Scopus, don yana ƙirga har kundin digiri, saboda haka kar ka gwama su.

Binciken ƙwayoyin gado ne ke ruɗar mutane. Takarda ɗaya kan ɗauki sunaye ɗari, kowa ya kwashi ambaton. Duba ko sunan malamin ne na farko ko na ƙarshe, don su ne galibi jagororin aikin, sannan ka cire inda ya ambaci kansa.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ko aikin ya kai ga gadon asibiti. Gwajin maganin hydroxyurea da aka yi a Kano don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, wanda ya fito a 2022, irinsa nake nufi.

Ka leƙa laburaren Jami'ar Bayero a tantance maka mujallun da malaman suka buga takardunsu, domin akwai na bogi masu karɓar kuɗi kawai.