Idan Maganin Kaji Ya Daina Ci

Wani mai kiwon kajin gidan gona ya aiko da tambaya cewa tun bara yake zuba wa kajinsa tetirasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin bakteriya, a ruwan sha da zarar sun fara gudawa, amma yanzu ko ya ninka awo ba ya ci, kuma maƙwabtansa ma kukan da suke yi ke nan. Yana son sanin ko jabu ake sayar musu.

Malam, akwai jabu a kasuwa, sai dai abin da ka bayyana ya fi kama da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani. Duk lokacin da aka ba kaji magani kwana biyu aka tsaya saboda sun warware, masu rauni cikin ƙwayoyin bakteriya ne suke mutuwa, masu taurin kai su saura su hayayyafa. Ban da haka, cututtukan kaji irin su Gumboro da Newcastle bairus ne ke kawo su, ba bakteriya ba, wannan magani ba ya taɓa su, rigakafi ne kariyarsu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa.

Maganar maƙwabtanka ita ce ta fi damuna, domin waɗannan ƙwayoyi ba su san katanga ba. Suna bin kiret ɗin ƙwai da ke yawo gona zuwa gona, da takalmin dillali, da kashin kaji da ake kai wa masu lambu su zuba wa latas da kabeji. Daga nan sai cikin mutane, a kwantar da yaro a asibiti a tarar magani ba ya yi masa aiki. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki idan aka auna da yawan jama'a.

Saboda haka gyaran ya fi ƙarfin gona ɗaya. Ku haɗa kuɗi ku ɗauki likitan dabbobi guda da zai riƙa zagaya ku, ya kai kazar da ba ta daɗe da mutuwa ba ɗakin gwaji, irin na asibitin koyarwa na dabbobi da ke Zariya ko Sakkwato, inda cikin kwanaki kaɗan za a gane maganin da har yanzu yake ci. Ku rubuta sakamakon a littafi ɗaya, ku sanar da asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ku kuma roƙi likitan ya isar da shi ga asibitin mutane, tunda yanki ɗaya suke yi wa aiki.

Kafin nan, a daina ɓare kafson mutane ana juye wa kaji, a ajiye ruwan kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa don tsoma takalmi, kuma kada a sayar da ƙwai ko nama sai kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalin magani sun cika.