Rosalía de Castro ce mace ta farko da ta yi rubutu da Galisiyanci?

Tambaya: Malam, na ji an ce Rosalía de Castro ce mace ta farko da ta yi rubutu da harshen yankin Galisiya na ƙasar Sifaniya. Haka ne? Me ya sa ake girmama ta sosai?

Amsa: Malama, ba ita ce ta farko ba. Tun a ƙarni na 18 María Francisca de Isla y Losada ta yi waƙa da harshen. Darajar Rosalía daga wani wajen ta fito.

Lokacin da aka haife ta a Santiago de Compostela a 1837, Galisiyanci ya yi ƙarnuka kusan uku ba a kula shi a rubuce. Harshen manoma ne da masunta, mai ilimi kuwa da Sifaniyanci yake rubutu. Ita ma ta san zafin raini: mahaifinta limamin cocin Katolika ne da aka haramta wa aure, don haka a takardar baftisma aka rubuta cewa ba a san iyayenta ba.

A 1863 aka buga mata littafin waƙoƙinta na Galisiyanci, Cantares gallegos, a Vigo, da ƙarfafawar mijinta Manuel Murguía. Takan ɗauko baiti daga waƙar gargajiya ta ɗora nata a kai. A ciki ta caccaki mutanen Kastila, wani yanki na tsakiyar Sifaniya, kan wulaƙancin da suke yi wa 'yan Galisiya masu zuwa girbin alkama, su dawo gida a rame.

Ni dai littafinta Follas novas na 1880 ya fi kama ni. Akwai sashe guda kan matan da ta kira zawarawan rayayyu da zawarawan matattu: miji ya tafi cirani Kyuba, shekaru sun shuɗe ba wasiƙa ba kuɗi, matar na riƙe da gona da yara, ba ta san ko ta yi takaba ko ta ci gaba da jira ba.

Sai dai ba ta wanye lafiya da mutanenta ba. A 1881 wata maƙala da ta rubuta kan al'adun yankin ta jawo mata suka, ta yi fushi ta ce ta daina rubutu da Galisiyanci. Littafinta na ƙarshe, En las orillas del Sar na 1884, da Sifaniyanci ya fito. Ciwon daji ya yi ajalinta a Padrón a 1885, tana da shekara 48.

Tun 1963, kowace 17 ga Mayu ake bikin ranar adabin Galisiya, saboda ranar ce ta rubuta a sadaukarwar Cantares gallegos.