Tambaya da Amsa: Harajin kirifto

Tambaya: Malam, ina ɗan juya Bitcoin a waya, wai ni ma sai na biya haraji? Abokina na Dubai ko sisi ba ya biya, ina adalci?
Mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Eh ƙanena, tun 2023 dokar Najeriya ta sa haraji kan ribar kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin), riba fa, ba uwar kuɗinka ba. Dubai ba a karɓar harajin kuɗin shiga a hannun mutum, Indiya kuwa kashi 30 take yanka, Jamus in ka riƙe fiye da shekara sai ta ƙyale ka. Abin da ke damuna shi ne mai babban jari ya tattara ya koma Dubai abinsa, kai ba hali. Ka dinga rubuta nawa ka saya, nawa ka sayar.