Zomona Shi Kaɗai Ne a Keji, Ko In Samo Masa Abokin Zama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na saya wa yarana zomo namiji, yanzu watansa biyar. Yana ci yana sha, amma yini yake yi a kusurwar keji, wani lokaci ya yi ta gaigayar waya. Yara sun matsa sai na ƙaro masa wani. Shin ya dace, kuma yaushe? — Wata uwa daga Ɗorayi

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Yaranki sun yi gaskiya. Zomo dabbar taro ce, a dawa cikin dangi yake rayuwa, suna lasar juna, wani na kiwo wani na gadi. Ya fi kuzari da asuba da kuma bayan magariba, lokacin da mutanen gida ke barci ko hidimar abinci, don haka wasan da yara ke yi da shi ba zai cike masa gurbin ɗan'uwa ba. Amma muna roƙonki kada ki sayo wani gobe ki jefa masa a keji. A wata biyar ya balaga, kuma balagaggen zomo yana kishin wurinsa ƙwarai.

Idan namiji kika kawo masa, faɗa za su yi na zubar da jini, kuma wurin da suka fi kai wa cizo shi ne maraina da kunne. Idan mace ce, ki shirya kiwo: cikin zomanya kwana 31 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan haura, tana iya haifar 'ya'ya shida zuwa takwas, kuma tana ɗaukar wani cikin washegarin haihuwa idan namijin na tare da ita. Haɗin da ya fi zama lafiya shi ne mace da namijin da aka yi wa fiɗiya.

To a nan ne ake kuskure. Zomo ba bunsuru ba ne, ba a yi masa dandaƙar gargajiya. Ƙofar da marainansa ke saukowa daga ciki a buɗe take har tsufansa, in ba a rufe ta da kyau ba hanji na iya biyowa. Aikin likitan dabbobi ne, da allurar barci, kuma ki tambaye shi kai tsaye ko ya saba yi wa zomaye. Kada a hana shi abinci kafin aikin kamar yadda ake yi wa kare ko mage, domin zomo ba ya amai, kuma hanjinsa na tsayawa idan ya daɗe da yunwa. Bayan aikin a jira mako shida kafin a haɗa su, saboda yana iya yi wa mace ciki a tsakanin nan. Ita ma macen in an sami likitan da ya ƙware, cire mata mahaifa tsakanin wata huɗu zuwa shida na rage mata faɗa, yana kuma kare ta daga ciwon dajin mahaifa da ke yawan kama zomanyar da ta manyanta.

Sabuwar da kika sayo, ki ware ta a wani keji nesa da shi na aƙalla mako biyu, wata guda ya fi. Ki leƙa cikin kunnenta ko akwai ɓawon ƙazuwa, ki duba hanci da gashin ƙafafun gaba ko akwai majina, ki duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai zawo. Ki fara ba naki abinci kafin ita, ki wanke hannu a tsakani.

Sai a matso da kejin biyu kusa, a bar tazarar faɗin tafin hannu don su ga juna su shinshina ba tare da baki ya kai ba. Kullum a ɗebo ɗan shimfiɗin wannan a zuba wa wancan. Bayan mako ɗaya ko biyu, in kin ga suna kwanciya daura da juna ta bayan waya, a fitar da su wurin da babu wanda ya taɓa zama cikinsu, kamar soro ko wani lungu na tsakar gida da aka wanke. A zuba tarin harawa a tsakiya, a fara da minti 10, a riƙa ƙarawa kowace rana. Hawan juna, 'yar tsere da fizgar gashi kaɗan duk ba komai ba ne, shugaba suke fitarwa. Abin tsoro shi ne ɗaya ya kwantar da kunne baya, ya ɗaga wutsiya, ya yi ƙugi, ko su fara zagaye juna da sauri kamar guguwa. Nan take a sa faifai ko katako a tsakaninsu, kada a sa hannu. Ranar da ɗaya ya sunkuyar da kai ɗayan ya lashe masa goshi, aiki ya kusa ƙarewa. Wasu kwana uku ya ishe su, wasu sai wata biyu.

Zancen lokaci kuwa, a Kano muna ba da shawarar a yi wannan da hunturu. Zomo ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala. Daga Maris zuwa Mayu, da garin nan ke kaiwa 40, tsere da firgicin haɗuwa kaɗai na iya kashe shi. In ya zama dole, bayan sallar asuba.

Su biyu suna bukatar fili kamar mita 3 da mita 2, da maɓoya biyu, kwanon ruwa biyu, kwanon dusa biyu. In babu wannan filin ko babu likita, ki dakata tukuna. Ki riƙa sakinsa a tsakar gida safe da yamma, ki cika masa keji da harawa da busasshiyar ciyawa, gaigayar wayar za ta ragu.

TAMBAYA: Ina da ɓeran Masar da kaji. Ba za su wadatar da zomanyata ba? — Wani matashi daga Hotoro

AMSA: A'a, samari. Zomo na ɗauke da ƙwayar cutar numfashi da ba ta cika damunsa ba amma tana kwantar da ɓeran Masar, kuma harbi ɗaya da ƙafar baya na iya karya shi. Kaji kuma suna saran ido, suna ɓata harawa da kashi, sannan zomanyar za ta koma cin abincinsu, ƙiba da ciwon ciki su biyo baya.

TAMBAYA: Zomayena mata biyu 'yan ciki ɗaya ne, sun tashi lafiya, amma da suka kai wata huɗu suka fara faɗa, ɗaya ta ji rauni a gadon baya. Me zan yi? — Wani magidanci daga Rijiyar Zaki

AMSA: Malam, fara tabbatar da cewa duka matan ne, domin masu sayarwa na yawan kuskure a kan ƙanana. Kwantar da kowace a cinya, ka danna gaban a hankali: na mace tsaga ce doguwa, na namiji zagayayye ne yana turowa kamar ɗan bututu, kuma a wannan shekarun marainansa sun riga sun sauko. In mata ne, balaga ce ta kawo faɗan. Raba su yau, ka sake haɗa su daga farko kamar baƙi, yadda muka yi wa Hajiya bayani.

Raunin kuma a aske gashin gefensa, a wanke da ruwan gishiri mai ɗumi sau biyu a rana, a kare shi daga ƙuda, musamman da damina, don kada ya yi tsutsa. Cizon zomo kan rufe ta sama ya tara mugunya mai kauri a ƙasa, saboda haka ka riƙa lalubawa ko ya yi ƙullutu. Don Allah kada ka fasa mata kafso na Ampiclox ko amoksisilin a ruwan sha. Irin waɗannan magunguna ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka mata abinci a hanji, zawo ya tafi da ita cikin 'yan kwanaki. Idan ta yi awa 12 ba ta ci ba ko ba ta yi kashi ba, ka kai ta asibitin dabbobi a ranar.